Ba ya shan taba, ba ya shan giya, me ya kawo masa kansar hanta?

Wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Daura ta aiko da wannan tambaya: "Likita, yayana ya rasu da kansar hanta bai cika shekara 45 ba. Manomi ne, bai taɓa shan taba ba balle giya. Wasu sun ce magi ne, wasu sun ce ƙarfen sabis ɗin da aka kafa kusa da gidansu, wasu kuma sun ce jifa ce. Ina da 'ya'ya, shi ma ya bar marayu. Mene ne a cikin cimarmu da inda muke zaune yake kawo wannan ciwo?"

Hajiya, Allah ya jiƙan yayanki da rahama, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ya albarkaci bayansa. Rai da ajali na Allah ne, babu likitan da zai yi jayayya da wannan. Amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababin kika tambaya, don haka zan amsa miki kai tsaye. Idan aka kawo mana magidanci daga wannan yanki namu, manomi, ba mashayi ba, shekarunsa tsakanin 30 da 50, ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, hoto ya nuna ƙari a hanta, abu biyu ne hankalinmu yake fara kaiwa gare su. Na farko ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda galibi tun yana jariri ko ƙaramin yaro ya ɗauke ta bai sani ba. Na biyu wata guba da fumfuna ke zubawa a cikin gyaɗa da masara. Abin da yake ci mini rai shi ne mutane sun tattara tsoronsu sun ɗora wa magi da ƙarfen sabis, alhali mai laifin yana cikin buhu a ɗakin ajiya, ana auna shi da tiya ana kai wa inji.

Sai an gane yadda ciwon yake kafuwa sauran bayanin zai zauna. An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta, kullum wasu suna mutuwa, wasu suna rabuwa gida biyu su maye gurbinsu. A cikin kowace ƙwaya akwai rubutaccen umarni da ake kira DNA, shi ne yake gaya mata lokacin da za ta rabu, da lokacin da za ta tsaya, da lokacin da za ta mutu. Ki ɗauka kamar littafi ne da ake kwafa da hannu daga malami zuwa almajiri: idan tawada ta ɓata wani layi, wanda ya kwafa daga nan zai kwafi kuskuren, na bayansa ma haka. Jiki yana da masu bin layi suna gyarawa, kuma yawancin kurakuran suna gyaruwa ba mu ma san an yi ba. Abin da ake kira mai haddasa kansa shi ne duk wani sinadari, ko hayaƙi, ko haske, ko ƙwayar cuta da ke ƙara yawan ɓarnar, ko ya sa kwafar ta yi sauri fiye da yadda masu gyara za su iya bi. Ranar da kurakurai suka taru a daidai layukan da ke cewa "tsaya", ƙwayar sai ta ci gaba da hayayyafa ba birki, wannan shi ne ƙarin. Tarawar tana ɗaukar shekara 10, 20, har 30 ko fiye. Shi ya sa in mutum ya kwanta, sai dangi su duba abin da ya canja bara ko bana, sabon ƙarfen sabis, ko rigimar gona da aka yi da wani, alhali iri an shuka shi tun mutumin yana goye. Kuma ba duk wanda ya haɗu da waɗannan abubuwa ne zai kamu ba; yawan abin, da tsawon shekarun da aka yi tare da shi, da gadon jini, da sauran cututtukan da ke jiki, duk suna da nasu rabon.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. Tun 1775 wani likitan tiyata a Landan, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙin gidaje, waɗanda tun suna yara ake cusa su ciki suna fitowa baƙi ƙirin da kunkunniya, su ne ke yawan samun kansar fatar maraina idan sun girma. Yau akwai hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya, da aka kafa a 1965 a birnin Liyon na Faransa. Aikinta tara masana su auna hujjoji su rarraba abubuwa rukuni-rukuni. Rukuni na 1 shi ne wanda aka tabbatar yana sa wa ɗan Adam kansa, kuma abubuwan da ke ciki sun haura 120. Rukunin 2A shi ne wanda zato ya yi ƙarfi a kansa, 2B kuwa wanda akwai ɗan zargi amma hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. A kula, rukunin yana auna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. Naman gwangwani da taba duk suna rukuni na 1, amma ɓarnar da taba ke yi ko kusa ba a haɗa ta da ta nama.

Da wannan ma'auni, magi ya fita. Babu hujjar da ta nuna ɗunƙulen magi ko farin magi suna kawo kansa. Laifinsu gishiri ne, ga mai hawan jini sai a rage. Siginar da wayar hannu ke aikawa ta iska an sa ta a 2B tun 2011, kuma babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai ga alaƙa tsakanin wayar hannu da kansar ƙwaƙwalwa ba. Abin da ƙarfen sabis ke aikowa jikin mutumin da ke ƙasa bai ma kai na wayar da ke manne da kunnensa ba. Batun jifa kuwa, abin da na sani da idona shi ne yana cinye wa iyali watannin da ya kamata a ce suna asibiti, da kuɗin da ya kamata a yi gwaji da su.

To, mu zo kan gyaɗa, tunda nan ne maganar ta shafe ki fiye da kowa.

Akwai wata fumfuna da ke zaune a cikin ƙasar gona, masana suna kiranta Aspergillus flavus, launinta kore-kore mai ɗan ɗorawa. Idan ta kama gyaɗa ko masara tana fitar da guba mai suna aflatokzin. Duniya ta san da ita ne a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Ki lura, tunkuza. Idan an matse mai, kaso mafi yawa na gubar ba ya bin man, yana zama ne a cikin tunkuzar da kike murzawa ki yi ƙuli. Man da aka matse a gida yana iya ɗaukar kaɗan, wanda kamfani ya tace da sinadari kusan babu, amma ƙuli-ƙuli, da garin ƙuli na tsire da yaji da kwaɗo, su ne matattararta idan gyaɗar ta asali ba ta da kyau. Kuma wuta ba ta gamawa da ita. Ki soya gyaɗar a kasko da yashi, ki markaɗa, ki sake soya ƙulin a cikin mai har ya yi ƙaras, fumfunar ta mutu, amma kaso mai yawa na gubar yana nan. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma ƙwayar gyaɗa tana iya yin kyau a ido alhali tana ɗauke da ita. Ƙanƙantar abin da ke cutarwa sai a yi mamaki: Amurka ba ta yarda gubar da ke cikin abinci ta wuce kashi 20 cikin biliyan ɗaya ba, Tarayyar Turai kuwa kashi 4 cikin biliyan ɗaya ta yanke wa gyaɗar da za a ci kai tsaye. 'Yan ƙwayoyi kaɗan da suka ɓaci sosai sun isa su gurɓata abin da aka markaɗa gaba ɗaya.

Idan aka ci, hanji yana miƙa ta ga hanta, don hanta ce mai tace duk abin da ya shiga ciki. A ƙoƙarin hanta na warware ta, sai ta juya ta zuwa wani sinadari mafi muni, wanda ke manne wa DNA na ƙwayoyin hantar. Ya fi son wani sashe da ake kira p53, wanda aikinsa ke nan tsayar da ƙwayar da ta lalace. Har tabon da yake bari a wurin masana sun san shi, kuma ana yawan ganinsa a kansar hantar mutanen Afirka ta Yamma da kudancin Sin, ba kasafai ake ganinsa a Turai ba. Idan aka ci mai yawa a lokaci ɗaya ba ta ma jiran shekaru: a Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. Namu na nan cin kaɗan-kaɗan ne, a kunun gyaɗa, a tuwon masara, a ƙulin da yaro ke ɗauka ya tafi makarantar allo da shi. Binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin da Togo, aka buga a 2002, ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. Saniya ko akuyar da aka ba ruɓaɓɓiyar dusa ko tunkuza tana fitar da wani kaso a nononta. Gero da dawa sun fi gyaɗa da masara tsira daga wannan fumfuna, ko da yake su ma in an adana su da danshi ba su kuɓuta ba; busasshen barkono da agushi su ma tana kama su.

Yanzu ga inda abin ya yi muni. Mutumin da ke ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, hantarsa tana cikin kumburi da gyara ba dare ba rana, ƙwayoyinta suna mutuwa suna sabuntawa da sauri. Idan aflatokzin ta sauka a kan irin wannan hanta, ƙarfinta na haddasa kansa yana ninkawa kusan sau 30 a kan na wanda ba ya ɗauke da cutar. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na baligan Najeriya suna ɗauke da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba, don tana iya yin shekara talatin ba ta ko sa ciwon kai ba. Jaririn da ya kamu a wajen haihuwa, 9 cikin 10 za su zauna da ita har abada; babba in ya kamu, yawanci jikinsa yana kore ta. Hanyoyinta a wurinmu sanannu ne: daga uwa zuwa ɗa a wajen haihuwa, askar wanzami ɗaya a kan kawuna da yawa, kaciyar taro, cire belu, ƙaho, tsaga, almakashin mai yankan farce, allurar da aka maimaita, jinin da ba a gwada ba, da saduwar aure. Ba a ɗaukarta ta gumi, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, kuma ina roƙon a daina ware masu ita a gida saboda wannan jita-jita.

Don haka abu na farko da za ki yi ba a kasuwa yake ba, a ɗakin gwaji yake. Ke da duk waɗanda kuka fito ciki ɗaya da marigayi, da mahaifiyarku in tana raye, da matarsa ko matansa, da 'ya'yansa, kowa a ɗiga jininsa a gwada. Gwajin ba ya cin lokaci, kuma manyan asibitocin gwamnati a Daura da Katsina suna yi. Wanda ba ya da ita a yi masa rigakafi, allura uku ce. Wanda aka samu yana da ita kada ya ɗauka an yanke masa hukunci. Likita zai duba yawan ƙwayar da lafiyar hantar, wasu sa ido kawai suke buƙata, wasu a ɗora su a kan ƙwayar tenofobir, guda ɗaya a rana, wadda ke danne cutar ta rage haɗarin kansa sosai. Waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, musamman mai tarihin kansar hanta a dangi, ana so a riƙa yi musu hoton ciki duk wata shida, don ƙarin da aka gani yana ƙarami shi ne wanda ake iya cirewa. Rigakafin ya shiga jerin alluran yara a Najeriya a 2004, wato duk wanda aka haifa kafin nan ki ɗauka ba a yi masa ba. Allurar farko ana son ta a cikin awa 24 da haihuwa, sauran a sati 6 da 10 da 14. A nan ne al'adarmu ta jira sai an yi suna, ko sai mai jego ta yi arba'in, take cutar da mu. In an haihu a gida, uba ko kaka su ɗauki jaririn a ranar su kai shi asibiti, mai jego ta yi zamanta.

Komawa ga gyaɗa, abin farin ciki shi ne yawancin maganin yana hannun manomi da mai sana'a. Fumfunar tana samun ƙofa ne idan shuka ta wahala. Idan ruwa ya ɗauke a makonnin ƙarshe kafin gyaɗa ta nuna, ƙasa ta yi zafi, kamar yadda muke yawan gani a Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, ɓawon yana tsagewa, gara da tsutsa su huda shi, ita kuma ta shiga. Gyaɗar da aka bari ta daɗe a ƙasa bayan ta nuna ta fi haɗari, haka ma gyaɗar roro, wadda yara ke tonowa bayan an gama cira. A kudancin jiha, wajen Funtuwa da Bakori da Ɗanja inda masara ta fi yawa, matsalar ta fi zuwa ta wajen shanya: a karye masara da sauran danshi, a zube ta a ƙasa ko a gefen kwalta, ruwan ƙarshen damina ya taɓa ta, a ɗura a buhu. Akwai kuma masu yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi sauƙin ɓara ko ta ƙara nauyi. Wannan kiran fumfuna ne da baki.

A ƙasar Gini an gwada abu mai sauƙi a wasu ƙauyuka, aka buga sakamakon a 2005: a tsince gyaɗa da hannu, a shanya ta a kan tabarma maimakon ƙasa, a bari ta bushe sarai, a zuba a buhun algarara mai shan iska, a ɗora buhunan a kan katako, a kare su daga ƙwari. Bayan wata biyar, gubar da ke jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ba ta kai rabin ta maƙwabtansu ba. A yankin Qidong na ƙasar Sin, inda kansar hanta ta yi ƙaurin suna, da mutane suka koma cin shinkafa maimakon masara a shekarun 1980, mace-macen suka ragu ƙwarai, har a cikin waɗanda ba a taɓa yi wa rigakafin cutar hanta ba. A nan gida kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa ce da aka rina shuɗiya aka lulluɓe da irin wannan fumfuna amma wadda ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, sati biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai mai kyau ta riga mai guba kama wuri. Tana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. A ganina wannan ya cancanci gwamnatin jiha ta riƙa raba shi tare da taki, domin manomi ba zai sayi abin da kasuwa ba ta biyan shi ladansa ba. Muddin tiyar gyaɗa mai tsabta da marar tsabta kuɗinsu ɗaya, wa'azi kaɗai ba zai isa ba.

Ke kuma a naki ɓangaren, ki sayi gyaɗar da in kin girgiza ta a ɓawonta za ki ji tana ƙara, in kin ɓare kin ciza ta karye ƙaras. Ki baza a faifai ko tire da rana, ki tsince duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi kore a tsakiya. Bayan suya da murza, in jar rigar ta fita, ki sake dubawa, don a lokacin ne tabon da ya ɓoye yake bayyana. Na san inda gizo ke saƙar: wannan tsintacciyar ita ce mai araha, ita wasu ke saye musamman don yin mai da ƙuli, ko a ba yara su yi ta ci, ko a watsa wa kaji. Asara ce a zubar, ban raina ta ba. Amma gubar buhu guda kusan duk tana cikin wannan 'yar tsintar, kuma wurinta rami ne ko wuta. Masara kuwa ga gwajin da kowa zai iya: a samu busasshiyar kwalba, a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin, a rufe a girgiza, a bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana ƙwari ba tare da magani ba, amma sai hatsin ya bushe sarai kafin a ɗaure.

Wannan ya kawo ni kan maganin ƙwari. Zuba fiya-fiya a cikin wake ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Sinadarin da ke cikinta yana rukunin 2B, amma gubarsa ta nan take ta isa dalilin bari. Gamalin kuwa, sinadarinsa yana rukuni na 1, yana da alaƙa da kansar kaluluwa. Mai feshi a gona ya sa doguwar riga da takalmi da abin rufe hanci, kada ya bi iska ta dawo masa da feshin, kuma jarkar magani ba ta zama jarkar ruwa ko ta mai ko an wanke ta sau nawa.

Sai hayaƙi, wanda ke ma kina cikinsa. Mai suyar ƙuli tana wuni a kan murhu, hayaƙin itace ko kara yana dukan fuskarta, ga tururin mai da ya yi zafi ƙwarai, ga goyo a baya yana shaƙa tare da ita. Hayaƙin itace a cikin gida da tururin suya mai tsananin zafi duk suna rukunin 2A, kuma a cikin hayaƙin akwai dangin sinadaran kunkunniyar nan da suka cuci yaran Landan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki yana kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara. Yawancinsu ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon huhu ne, kansar huhu kaso ce ƙarama a ciki, amma tana nan, kuma tana kama matan da ba su taɓa riƙe karan sigari ba. Ki fitar da murhu fili ko rumfa mai iska, ki yi amfani da busasshen itace, murhu mai rufi ya fi duwatsu uku, gas in da hali ya fi duka, jariri kuma a ba wani ya riƙe. Hura wuta da leda ko tsohon silifa a daina shi yau. Man da ya yi baƙi ya yi kauri saboda maimaita suya a zubar. Haka masu babbaka kai da ƙafa da ganda da tayar mota: abin da ke cikin wannan baƙin hayaƙi yana shiga huhunsu, yana kuma zama a kan naman. Taba ba sai na tsaya ba, sinadarai kusan 70 masu sa kansa ne a hayaƙinta, wanda ke zaune kusa da mai sha yana da rabonsa, kuma shishar da samari suka ɗauka ado ce ruwan da ke cikinta ba ya hana gubar hayaƙin shiga jiki. Shayi ko koko mai ƙona baki, wanda ya haura digiri 65, shi ma ana zarginsa da kansar maƙoshi. A bari ya sha iska.

Mazan gidanku kuma kowa ya dubi sana'arsa. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin mai sa kansar jini, kuma ɗan bumburutun da ke zuƙo mai da tiyo a baki, da makaniken da ke wanke hannu da fetur ya wuni da baƙin mai a fata, suna shan sa kullum. Hayaƙin dizal ya shiga rukuni na 1 a 2012, hayaƙin walda a 2017. Janareta a bakin taga ko cikin shago kuskure ne. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai ƙurar da suke shaƙa tana tabo a huhu tana kuma kai wa ga kansa, jiƙa wurin aiki da ruwa yana rage ta sosai. Tsofaffin rufi da silin na asbestos da ke makarantu da gidajen gwamnati na da, in suna zaune lafiya a bar su, haɗarin yana wajen fasawa da yankawa da share garinsu, kuma ciwon sai bayan shekara 20 zuwa 50 yake fitowa. Zabiya kuwa rana ce abokiyar gabarsa: malafa, doguwar riga, man kariya, kuma kada a tura shi talla ko kiwo da tsakar rana, duk gyambon da ya ƙi warkewa a fatarsa a kai asibiti.

Akwai ɗaya da nake so iyaye su ji da kyau, tsargiya. Yaro ya yi wanka a kududdufi ko bakin dam ko fadamar da ruwa ke kwance, tsutsar da ke fitowa daga ƙananan katantanwa ta huda fatarsa, bayan wani lokaci ya fara fitsarin jini. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce. Ƙwan tsutsar ne ke maƙalewa a bangon mafitsara yana miki shekara da shekaru, kuma an tabbatar yana kai wa ga kansar mafitsara. Maganinta, firazikwantel, sha ɗaya ne gwargwadon nauyi ko tsawon yaro, kuma idan an zo rabawa a makaranta a bar yara su karɓa.

Ƙiyasin duniya na 2022 ya nuna Najeriya tana samun sababbin masu kansa sama da 120,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna rasuwa, kuma babban dalilin wannan yawan rasuwa shi ne zuwa a makare. A ɓangaren hanta, duk wanda ya ga rama ba dalili, ko nauyi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko saurin ƙoshi, ko shawara, ko kumburin ciki da ƙafa, ya je babban asibiti a yi masa hoton ciki da gwajin jini, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Kada a fara da jiƙe-jiƙen shawara da ake sayarwa a jarka a kasuwa. Hantar da ta riga ta raunana ita ce za ta tace duk abin da aka sha, ba a san abin da ke ciki ba balle adadinsa, kuma mun sha karɓar marasa lafiyar da jiƙon ne ya ƙarasa abin da cutar ta fara. Mai ɗauke da cutar hanta ko farasitamol zai sha ya tsaya a ƙa'idar da likita ya ba shi, kuma duk asibitin da ya je ya faɗa musu yana da ita kafin a rubuta masa magani.